Na yanke bes a 30 Hz amma analaiza na nuna yana nan: fulogin ne ya lalace ko awon ne?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da ƙaramin situdiyo inda nake haɗa waƙoƙi a kwamfuta. Na ɗora ikwalaiza a kan bes, na kunna filtar yanke ƙasa a 30 Hz da gangaren 12 dB, amma analaiza tana nuna mini sauti har ƙasa da 20 Hz kamar ban taɓa komai ba. Bayan haka ƙololuwar sautin ta ƙaru maimakon ta ragu, kuma da na gwada wata analaizar sai ta zana mini layi daban. Shin fulogin ɗin ne ke da matsala, kuma ta yaya zan tabbatar?"

Malam, sannu da aiki. Duk abubuwa ukun da ka gani ana ganin su a kan fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kan sauti a cikin manhajar haɗa waƙa) mai cikakkiyar lafiya, don haka babu ɗaya a cikinsu da ya isa a kama shi da laifi. Ba wai fulogin ba ya kuskure a ƙasan sauti ba ne. Yana yi, kuma zan zo kan hanyoyin da kuskuren ke shiga. Sai dai a wannan yanki, daga 100 Hz zuwa ƙasa, abin awo, kamar analaiza mai zana ƙarfin kowane yanki na sauti a allo, ya fi abin da ake aunawa saurin ɓatar da mutum, kuma tushen hakan ɗaya ne: sauti mai kauri yana kaɗawa a hankali, kuma ba a sanin girmansa sai an saurare shi na tsawon lokaci. Kaɗawa ɗaya ta 1,000 Hz milisakan ɗaya take ci, ta 20 Hz kuwa sai ta ci milisakan 50 kafin ta cika. Ma'aunin da ya wadatar a tsakiyar sauti yana iya zama bai ga ko kaɗawa biyu cikakku ba a can ƙasa.

Kafin a auna, dole a san abin da filtar ta yi alkawari tun farko. Lambar 30 da ka murɗa ba iyakar da sauti ke mutuwa ba ce, wurin da ragin ya kai 3 dB ne kawai, idan filtar irin ta Butterworth ce, wato tsarin da injiniya ɗan Ingila Stephen Butterworth ya wallafa a 1930, wanda kuma yawancin ikwalaiza ke bi a gangaren 12 dB, wato ragin da can ƙasa yake ƙaruwa da 12 dB duk lokacin da Hz ya koma rabi. Lissafin wannan filta sananne ne, kuma ya kamata ka rubuta shi ka ajiye kusa da kai: a 30 Hz ragin 3 dB ne, a 20 Hz kusan 7.8 dB, a 15 Hz kusan 12.3 dB, sannan ta ɓangaren sama, a 40 Hz tana rage kusan 1.2 dB, a 60 Hz kuma kimanin rubu'in dB. Ka lura da abu biyu. Na farko, a 20 Hz ɗin da kake kallo ragin bai kai 8 dB ba, kuma a allon analaiza mai nuna 90 dB daga sama zuwa ƙasa, 8 dB ɗan tsiri ne da ido zai iya tsallakewa. Na biyu, filtar da ka ce ta tsaya a 30 tana taɓa abin da ke samanta: igiyar ƙasa ta jitar bes mai igiya huɗu tana kaɗawa a 41.2 Hz, kuma ta riga ta rasa kusan dB ɗaya.

Idan ka koma gangaren 24 dB, sai wani bambanci ya shigo wanda ke sa mutane su zargi fulogin a banza. Wasu masu ƙira suna gina cikakkiyar Butterworth mai hawa huɗu, wadda ita ma ke ba da ragin 3 dB a kan lambar, wasu kuma suna jera filtar 12 dB sau biyu a bayan juna, sai ragin ya zama 6 dB a kan lambar, irin na Linkwitz-Riley da ake amfani da shi wajen raba sauti tsakanin sifiku. Fulogin biyu, kowanne an rubuta 30 Hz da 24 dB a fuskarsa, suna iya bambanta da 3 dB a daidai wurin, kuma duka biyun suna kan daidai gwargwadon tsarin da aka gina su a kai.

Gwajin da nake ba kowa shawarar ya fara da shi ba ya buƙatar analaiza ko kaɗan, kuma a ganina shi ne alƙalin duk sauran. Ka buɗe sabon aiki wanda babu komai a cikinsa, ka sa tsantsar sautin sain, wato sauti mai Hz guda ɗaya tak, a layi ɗaya, ko daga TestGenerator na Cubase, ko ka ƙirƙire shi a Audacity ka shigo da shi, ko daga kowace na'urar gwaji da manhajarka ke da ita. Ka saita ƙarfinsa a kan −18 dB. Kafin ka danna komai ka rage sifikunka ƙwarai ko ka kashe su, domin sain na 15 ko 20 Hz da kyar kunne ke jin sa, amma fatar sifika tana fita tana komawa da nisa, musamman a sifiku masu ramin iska, kuma mutum kan ƙara murya yana neman ya ji har ya yi ɓarna. Sai ka ɗora ikwalaizar ita kaɗai, ka kashe duk wani abu na daidaita ƙarfi da kansa idan tana da shi, ka sa sain a 30 Hz, ka jira daƙiƙa biyu ko uku har allurar ta tsaya, ka karanta ma'aunin ƙololuwa na layin. Da filta a kashe za ka ga −18, da ita a kunne ya kamata ka ga −21. Ka maimaita a 20, inda ake sa ran kusan −25.8, da 15, inda ake sa ran kusan −30.3, da 60, inda ake sa ran kusan −18.3. Na ce ma'aunin ƙololuwa ne da gangan, domin sain ba ya sauyawa, ƙololuwarsa tabbatacciya ce, alhali ma'aunin RMS, wato na matsakaicin ƙarfi, mai gajeren lokacin tattarawa yakan yi ta rawa a irin wannan ƙasa.

Idan lambobin nan huɗu suka fito daidai, ko suka kauce da abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na dB ba, magana ta ƙare a kan lafiyar filtar, kuma duk abin da analaiza za ta faɗa bayan haka labarin analaiza ne. Idan kuwa ka ga −24 a 30 Hz, to filtarka daga cikin masu ragin 6 dB a kan lambar ce, sai ka duba littafin fulogin. Idan ragin ya fi 3 dB ƙanƙanta a kan lambar, ko ma ya koma ƙari a ɗan samanta, ka duba Q na filtar, wato lambar da ke tsayar da kaifin lanƙwasarta, domin Butterworth tana kan 0.707, kuma duk abin da ya haura haka yana ɗaga ɗan tudu kusa da bakin yankan.

Yanzu ga dalilin da ya sa analaizarka ta nuna abin da ta nuna. Kusan dukkansu da lissafin FFT suke aiki: suna ɗebo guntun sauti mai ƙayyadadden adadin samfur, wato ɗigogin lambobin da kwamfuta ke ajiye sauti da su, su raba shi gida-gida, kuma faɗin kowane gida shi ne yawan samfur a daƙiƙa a raba da tsawon guntun. A 48,000 samfur a daƙiƙa, guntu mai 4,096 yana ba da gida mai faɗin 11.7 Hz. Ma'ana, daga sifiri zuwa 47 Hz gidaje huɗu ne rak, kuma layin nan mai santsi da kake gani tsakanin 20 da 40 Hz zane ne manhajar ta ja tsakanin ɗigo biyu ko uku. Neman ganin siffar filtar 30 Hz da irin wannan ma'auni kamar ɗora zoben zinariya ne a sikelin buhunan masara. A guntu mai 32,768 gidan yana komawa 1.46 Hz, a mai 65,536 kuma 0.73 Hz, amma kuɗin da ake biya shi ne lokaci, domin na ƙarshen yana tattara sautin daƙiƙa ɗaya da kusan kashi huɗu cikin goma kafin ya ba da hoto ɗaya. Babu dabarar da za ta kauce wa wannan ciniki. Kuma ka sani, idan ka ninka yawan samfur zuwa 96,000 ba tare da ninka guntun ba, gidan ninkawa zai yi, ganin ƙasan ya ƙara lalacewa.

Akwai abin da ya fi wannan rikitar da mutane, kuma ina kyautata zaton shi ne ainihin abin da ka gani. Kafin a yi lissafin, ana lulluɓe guntun da abin da ake kira taga, wadda ke dusashe farkonsa da ƙarshensa, kuma kowace taga tana baje sauti guda a kan gidaje da yawa. Tagar Hann, wadda aka fi amfani da ita, tana baje shi gida biyu hagu, gida biyu dama. Da guntu mai 4,096, tsantsar sauti na 41 Hz zai bayyana a matsayin tudu mai faɗi daga kusan 18 har zuwa 64 Hz. Wannan ƙafar tudun da ta sauka ƙasa da 20 Hz babu ita a cikin waƙarka. Inuwar 41 Hz ce a cikin lissafi. Filtar ba za ta iya cire abin da babu shi ba, shi ya sa kake ganin kamar ba ta taɓa komai ba: ta rage 41 Hz da dB ɗaya, inuwar ma ta sauka da dB ɗaya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka ƙara tsawon guntun zuwa 32,768 ka sake kallo. Idan ƙafar ta tsuke ta koma jikin tudun, inuwa ce, idan kuwa ta tsaya a wurinta, to akwai sauti na gaske a nan.

Saɓanin analaizarka biyu shi ma yawanci daga saiti yake. Ban da tsawon guntu da irin taga, wasu suna karkatar da dukkan hoton don ya yi kama da yadda kunne ke ji. SPAN na Voxengo, alal misali, yana zuwa da karkata ta 4.5 dB a kowane oktef (wato duk ninkin Hz sau biyu), wadda ke danne ƙasa ta ɗaga sama, alhali wata analaizar ba ta karkatar da komai. Wasu kuma suna goge layin a kan sulusin oktef, abin da ke shafe duk wani siririn rami ko tudu. Idan za ka auna da hayaniya, sai ka haɗa ta da karkatar da ta dace: farar hayaniya tana kwanciya a miƙe idan karkata sifiri ce, hayaniya ruwan hoda kuma tana gangarowa da 3 dB a kowane oktef, don haka sai an sa karkatar 3 dB take miƙewa. Ko an yi hakan, hayaniya tana tsalle sosai a ƙasa, sai an bar ma'aunin ya tattara matsakaici na rabin minti ko fiye. Waƙa kuwa ba abin auna filta ba ce sam, domin abin da ke shiga yana sauyawa kowane lokaci.

Wanda ke son cikakken layin filtar, ba ɗigo huɗu kawai ba, yana da hanya biyu masu kyau. Ta farko ita ce bugu ɗaya tilo: fayil mai samfur guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru na daƙiƙa uku. Ana wuce da shi ta cikin fulogin, a fitar da sakamakon, a yi masa FFT mai tsawo. A nan akwai tarko uku. Dole a fitar da fayil ɗin a 32-bit mai yawo (32-bit float), domin duk labarin yanke ƙasan yana cikin wata 'yar wutsiya da ke bin bayan bugun, wadda a filtar 30 Hz take farawa kusan 45 dB ƙasa da shi sannan ta ci gaba da dusashewa, kuma fayil na 16-bit zai binne ƙarshenta. Dole a bar wutsiyar ta ƙare da kanta. Ta filtarka gajera ce, tana sauka da 60 dB cikin kusan milisakan 50, amma filtar ƙararrawa, wadda ke ɗaga ko rage yanki ɗaya kawai, mai Q 10 a 40 Hz tana amo fiye da rabin daƙiƙa, kuma idan aka datse ta layin zai fito da igiyoyin ƙarya da tudu wanda bai kai tsayinsa ba. Sannan kada a sa tagar Hann a kan bugun da ke farkon fayil, domin tagar sifiri ce a daidai wurin, za ta shafe shi. Hanya ta biyu ita ce sain mai hawa daga ƙasa zuwa sama, wadda Angelo Farina ya bayyana tsarinta a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a shekarar 2000, kuma ita manhajar awon sauti ta REW (Room EQ Wizard) ke amfani da ita. Fa'idarta ita ce tana daɗewa a ƙasa tana zuba ƙarfi a can, kuma tana ware gurɓatar sauti daga ainihin layin. Ka fara ta daga 5 Hz ko ƙasa da haka, ka ba ta daƙiƙa goma ko fiye. Plugindoctor na DDMF da EQ Curve Analyzer na Bertom suna sauƙaƙa wannan aiki, amma su ma ka nemi saitin tsawon awonsu ka kai shi ƙarshe kafin ka yarda da abin da suka zana ƙasa da 50 Hz. Layin da ikwalaizar ke zanawa a fuskarta kuwa, a mafi yawan lokuta hoton lissafin abin da ake nufi ne, ba awon abin da ya fito ba, don haka ba a kafa hujja da shi.

Batun ƙololuwar da ta ƙaru daban ne, kuma gaskiya ne, ba ruɗin ma'auni ba. Filta ta yau da kullum ba ƙarfi kaɗai take sauyawa ba, tana kuma gusar da kowane firikwensi a cikin lokaci, abin da ake kira fes. Filtarka tana juya fes da digiri 90 a 30 Hz, da kusan 43 a 60 Hz, da kusan 21 a 120 Hz, kuma har a 300 Hz akwai saura digiri 8. Sautin bes ko kik haɗin tushe ne da 'ya'yansa da ke sama, kuma siffar igiyar ta dogara da yadda suka jeru. Idan tushen ya gusa fiye da 'ya'yan, sai jerin ya sauya, wuraren da a da suke danne juna su koma taruwa. Wannan ya fi tsanani a kan sautin da aka riga aka matse ko aka datse kansa, kamar sautin bes na 808 da aka gurɓata da gangan ko waƙar da ta wuce ta limita, abin da ke hana ƙololuwa haura iyaka. Ka buɗe hoton igiyar ka zuƙo shi sosai: kafin filta za ka ga kan kowace kaɗawa a shimfiɗe, bayan filta sai ka ga shimfiɗar ta karkace, gefenta na farko ya ɗaga sama, na ƙarshe ya sunkuya. Wannan gefen da ya ɗaga shi ne ƙarin da ma'auninka ya kama, alhali jimillar ƙarfin ta ragu ko ta tsaya. Maganinsa shi ne filtar ta zo kafin limita, ba bayanta ba.

Fes ɗin nan shi ne kuma ke ɓata gwajin da wasu ke yi na juya sauti ɗaya baibai su haɗa shi da na asali don su ga abin da ya rage. A 300 Hz filtarka ba ta rage ƙarfin da za a iya aunawa ba, amma saboda digiri 8 ɗin nan, ragowar za ta tsaya kusan 17 dB kawai ƙasa da asalin, sai mutum ya ɗauka fulogin yana cin tsakiyar sauti. Inda abin ke da illa ta gaske shi ne idan sauti ɗaya yana tafiya ta hanya biyu, kamar kik da aka ɗauka da makirufo biyu, ko bes da aka raba aka matse rabi. Idan ka yanke ɗaya ka bar ɗayan, suna iya cin juna a wajen 40 zuwa 80 Hz, bes ɗin ya rame, kuma babu laifin kowace filta a ciki.

Game da sauran siffofin ikwalaiza, taƙaitacciyar magana ita ce lambobin fuska ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina. A lissafin da injiniyan sauti Robert Bristow-Johnson ya tattara, wanda fulogin da yawa suka ginu a kai, firikwensin filta mai siffar kanta (shelf), wadda ke ɗaga ko sauke duk abin da ke gefe ɗaya, shi ne tsakiyar hawan, inda aka samu rabin ƙarin. Wasu masu ƙira kuma suna sa lambar kusa da saman kantar ko gindinta. Q ma haka yake, kowa da yadda yake ƙirga faɗin ƙararrawarsa. Waɗanda suka kwaikwayi tsofaffin na'urori sun fi kowa nisa da lambobinsu: Pultec EQP-1A yana da zaɓin 20, 30, 60 da 100 a ƙasa, amma ƙarin da aka yi a 60 yana miƙewa har cikin ɗaruruwan Hz, kuma idan aka murɗa ƙari da ragi tare ba sa soke juna, tudu suke bari a ƙasa da kwari a samansa. Irin waɗannan fulogin sau da yawa suna kwaikwayon taransifoma, wadda halinta a ƙasan sauti ke sauyawa da ƙarfin abin da ya shiga, don haka a auna su da sain a −18 sannan a −6 a kwatanta. Bugu ɗaya tilo ba ya faɗin gaskiya a kansu, haka ma a kan ikwalaiza mai motsi da ƙarfin sauti.

To, ina kuskure na gaske yake? Na farko yana cikin lissafin filtar kanta, kuma shi ne wanda ya fi cancanta a bincika. Filta ta yau da kullum tana aiki da lambobi biyar da ake ninka samfur da su, kuma idan firikwensin ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da yawan samfur, lambobin suna matsowa dab da 1 da 2, har ya zama duk bambancin 30 Hz da 25 Hz yana can cikin lambobi na shida da na bakwai bayan ɗigo. Kosain ɗin da ake lissafin da shi, a 30 Hz da 48,000, shi ne 0.99999229, a 192,000 kuwa 0.99999952. Lamba mai 32-bit tana riƙe kusan lambobi bakwai ne kawai. Adadin da ke tsayar da wurin yankan yana da faɗin matakai kusan 129 na irin wannan lamba a 48,000, amma duk ninka yawan samfur yana raba shi huɗu, sai ya koma 8 a 192,000, ya koma 2 a 384,000, wanda shi ne abin da ake samu idan fulogin ya ninka 48,000 sau takwas a cikinsa. A matakai 8 wurin yankan zai iya gusawa da kusan Hz ɗaya, a matakai 2 kuwa ba a iya dogara da shi, kuma ban da gusawa, ƙurar lissafin tana taruwa ta zama ƙaramin gurnani a ƙasa. Gwajinsa kai tsaye ne: ka maimaita ɗigo huɗun nan na sain a 44,100, sannan a 96,000, sannan a 192,000, da ninkawar ciki a kashe da kuma a kunne. Filta mai lafiya za ta ba da amsa ɗaya a duka. Idan lambobin suna yawo yayin da yawan samfur ke hawa, ko murɗa firikwensi daga 20 zuwa 22 bai sauya komai ba sai a 23 ya yi tsalle, ka kama kuskure na gaske. Gyaransa a hannun mai ƙira yake, ko ya koma lissafi mai 64-bit, wanda ke riƙe lambobi kusan 16, ko ya sauya ginin filtar zuwa irin wanda ba ya cunkushe lambobinsa kusa da 1. Kada a haɗa wannan da 32-bit da manhaja ke miƙa wa fulogin sauti da shi, wanda ya wadatar. Maganar lissafin ciki ake yi.

Na biyu yana cikin yanayin fes miƙaƙƙe (linear phase), inda filta ke jinkirta kowane firikwensi daidai da sauran, wanda mutane ke gudu zuwa gare shi da zarar sun ji labarin ƙololuwa. Irin wannan filta tana da ƙayyadadden tsawo, kuma dokar lokacin nan da ta kama analaiza ita ce ta kama ta. Mai tsawon samfur 4,096 a 48,000 tana ganin milisakan 85 ne kawai, tana jinkirta sauti da rabin haka, kuma ba za ta iya zana gangare mai kaifi a 30 Hz ko siririn rami a 50 Hz ba, ko da fuskarta ta zana su tsaf. Shi ya sa Pro-Q na FabFilter da makamantansa suke ba da matakan tsawo a wannan yanayi, kowane mataki da jinkirinsa. Ka yi gwajin sain a mataki mafi ƙasa da mafi sama, za ka ga bambancin da idonka. Kuma tsawon yana da nasa farashi, domin amon filtar yana rabuwa biyu, rabi bayan bugu rabi kafinsa. Ka zuƙo hoton kik bayan yanka mai kaifi, za ka ga wata 'yar igiya tana tasowa a cikin shirun da ke gabansa, wadda a kunne take rage kaifin saukarsa. Ra'ayina shi ne a kan kik da bes a bar fes miƙaƙƙe sai inda hanyoyi biyu ke haɗuwa. Akwai kuma ƙaramin lahani na uku da ake gwadawa cikin minti ɗaya: ka sa sain na 60 Hz, ka riƙa jan firikwensin filtar sama da ƙasa yana tafiya, idan ka ji ƙas-ƙas ko wani gum, fulogin bai iya sauya lambobinsa a hankali ba, kada ka yi masa motsi na atomatik a ƙasa.

Duk wannan awo a cikin kwamfuta ake yin sa, ba ta sifika da makirufo ba, kuma ina jaddada hakan ne domin ɗaki yana da nasa ikwalaizar da ta fi ta fulogin ƙarfi. Igiyar 20 Hz tsawonta ya kai mita 17, kuma ɗaki mai tsawon mita 4 yana amsa amo a kusan 43 Hz, ta yadda a tsakiyarsa sautin ke ɓacewa, a jikin bango kuma ya kumbura. Kunne ma sai ƙarfin 20 Hz ya haura 70 dB kafin ya fara jin sa, kuma ƙananan sifikun situdiyo masu inci biyar sun fara sauka tun wajen 50 Hz. Rashin jin bambanci bayan yanka a 30 Hz ba shaida ba ce a kan komai. Idan kuma sautin ya shigo ta waya daga makirufo ko kibod, ka duba ko akwai siririn tsini a 50 Hz da 'ya'yansa a 100 da 150, wanda gurnanin wutar lantarki ne a Najeriya da Nijar. Filtar 30 Hz ba za ta rage masa fiye da kusan rabin dB ba, kuma idan a kan janareta aka ɗauka, tsinin yana ɗan yawo gwargwadon nauyin da aka ɗora wa injin, don haka rami mai siranta ƙwarai zai riƙa kuskure masa.

A kan bes ɗinka kuwa, bayan ka tabbatar da lafiyar filtar, ka nemo sauti mafi ƙasa da ake kaɗawa a waƙar ta hanyar analaiza mai guntu 32,768 ba tare da karkata ba. Idan 41 Hz ne, yanka a 25 Hz da gangaren 12 dB zai ci kusan rabin dB kawai daga gare shi, kuma fes ɗinsa zai fi zama lafiya fiye da na 30. Idan akwai gurnani na gaske ƙasa da 20 Hz wanda bai tsuke ba da ka tsawaita guntun, sai ka hau gangaren 24 dB, ka sake duba ƙololuwa, ka kuma saurari haɗuwar bes da kik tare, ba kowanne shi kaɗai ba. Idan kuma gwajin yawan samfur ya nuna yawo, ka rubuta wa mai fulogin sunan manhajarka, yawan samfur, saitin filtar, da lambobin da ka samu a 15, 20, 30 da 60 Hz a kowane yanayi, domin da waɗannan zai iya maimaita abin a nasa teburin ya gano inda lissafin ya zame.